Ni Ne Bakin Ƙanena a Gaban Likitoci

A shekarun farin nan da ya share dabbobin mutane, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, ni ɗan aike ne a wata ma'aikatar gwamnati a Yamai. Ina da ɗan Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, ina da keke, kuma wallahi ina ji da kaina fiye da kima. Haya nake a unguwar Lazaret, sai fari ya koro mini dangi daga ƙauyenmu na wajen Tawa har gidan ya cika maƙil. Cikinsu akwai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙato mai sanyin hali, ɗan kokawa tun yana yaro. Da rana ya yi dako a kasuwar Wadata, da yamma ya shiga filin kokawa. Kafin a jima sunansa ya zagaya unguwanni, ni kuwa na naɗa kaina mai magana da yawunsa.

Wata Lahadi abokin karawarsa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ƙeyarsa ce ta fara sauka. Ƙanena ya tashi yana tangaɗi, ya tambaye ni ko an fara kokawar. Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Sai da ya kama amai a hanya na tare taksi muka nufi asibiti. Can muka tarar da wasu likitoci da suka haɗa kai suna bincike a kan yadda masu buguwar kai ke warkewa. Akwai dattijon da ke duba ƙwaƙwalwa, da mai duba ido, da wata mata mai sa mutum ya taka layi don ta ga ko jiri na ɗibarsa, da mai gwada tunani. Suka ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ko da yake babu jini babu karaya. Ya huta, ya bar dako, kada ya kusanci fili sai dukkansu sun yarda, domin bugu na biyu kafin a warke ya fi na farko haɗari.

Ƙanena ba ya jin Faransanci, ba ya jin Zabarmanci, saboda haka ni ne tafinta. A wurinmu kuma ƙane ba ya kukan ciwo a gaban yayansa, balle ɗan kokawa. Ga shi ana shirin zaɓen waɗanda za su wakilci birni a gasar kokawa, ana rade-radin za a ba su buhunan hatsi, ga yara a gidana suna kwana da kunu. Zan iya fakewa da yunwa, amma gaskiya har da cika bakin da na yi a wurin aiki cewa babu mai kai bayan ƙanena ƙasa sau biyu. Da tsofaffin 'yan kokawa suka ce ai jifa aka yi masa, laya da rubutu za su kore shi, sai na rungumi maganarsu hannu biyu don ta yi mini daɗi.

Ranar da muka koma a sake duba shi, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali rana tana sukar idonsa, kuma in ya duƙa ƙasa juyawa take. Na juya na gaya musu da Faransanci cewa 'yar gajiya ce kawai. Aka faɗa masa sunayen wasu abubuwa don ya maimaita, ya kawo rabi ya tsaya, na cike sauran kamar daga bakinsa suka fito. Matar nan ta ga ya karkace a kan layi, na ce bai karya kumallo ba ne, kuma wa ke tafiya daidai a wannan shekara. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya tambaya ko na tabbata abin da yaron ya faɗa ke nan, ni kuwa na rantse. Duk da haka suka ce ya ƙara haƙuri da kokawa sai sun sake ganinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Yaya, me suka ce?" Na ce, "Sun ce ka warke." Ya shafa ƙeyarsa, ya ce to tunda sun faɗa.

Haka ya koma filin kokawa. Faɗuwa ta biyu ko ƙarfi ba ta yi ba, amma bai tashi ba. Likitocin nan dai su suka karɓe shi. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na fi samun sauƙi. Sai kawai suka nemo wata ma'aikaciyar jinya 'yar Maraɗi ta riƙa yi musu tafinta, ni kuma aka nuna mini benci a waje. Watanni suka yi a kansa, wannan na koya masa tafiya, wancan na koya masa magana kamar jinjiri. Allah ya tashe shi, amma hannunsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi, kuma duk abin da ya faru a tsakanin faɗuwar biyu ya goge masa.

Yanzu dukkanmu mun tsufa, yana zaune a gidana. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni, ya ce wannan ne ya kai shi asibiti, ba don shi ba da ya mutu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na gaya masa gaskiya ina kuka. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, kai ba za ka yi mini haka ba." Gafarar da nake nema a wurinsa ba ta da hanyar samuwa, tunda bai yarda an yi laifin ba.

Abin da na koya shi ne buguwar kai ba ta nuna kanta a fata, mai ciwon kaɗai ya san abin da yake ji, kuma likitoci da maganarsa suke aiki. Don Allah, duk wanda ya raka nasa asibiti bayan ya bugu a kai, ya bar shi ya faɗi ciwonsa da bakinsa. In kun san kunyarku yake ji, ku fita ku ba shi wuri. Ni na zauna, na amsa masa, kuma shi ne yake biya har yau.