Ranar da Na Ce Haka Ne

Shekarata ta uku a jami'a a Lyon, jarabawa ɗaya ta tsaya mini a wuya: tarihin kafuwar Amurka da tsarin mulkinta. Ta baka ce, daga ni sai malami. In na ci, gurbin digiri na biyu yana jirana a Paris. In na faɗi, a ba wani.

Na yayyanka kwali, kowace kalma da katinta. Tarayya. Raba iko gida uku. Yankuna goma sha ukun da suka ɓalle daga Ingila. Gyare-gyare goma na farko da aka yi wa kundin tsarin mulki. Zama wuri ɗaya ya gagare ni. A taram, jirgin cikin gari, bita, a layin burodi bita, ɗakina na Villeurbanne, a gefen Lyon, kuwa taku huɗu ne, na auna shi har ba adadi. Ni da ban taɓa taka Amurka ba, na fi sanin majalisunta biyu a kan unguwar da nake kwana.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a Aubervilliers, a gefen Paris. Da na je masa ƙarshen mako, sai na tarar har ya kwashe akwatunansa daga ƙaramin ɗaki, ya sayo mini katifa don zamana a Paris. Wannan katifa ta ƙara mini fargaba.

Ranar jarabawa malamin ya kasance dattijo mai furfura, sa'an kakana. Tambaya uku na amsa tiryan-tiryan. Sai ya cire tabarau ya ce, "To, in shugaban ƙasa ya gaji da majalisa, sai ya rusa ta kamar yadda ake yi a nan Faransa, ko?"

Shugaban Amurka ba shi da wannan ikon. Na sani sarai, katin yana cikin aljihuna. Amma dattijo ne ya faɗa, da bakinsa, yana kallona. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure. Sai dai ka yi shiru, daga baya ka bi ta bayan gida a gyara. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Malam."

Ya jira. Wallahi ya jira ni. Sannan ya mai da tabarau ya yi rubutu. Ashe tarko ne, yana so ya ga ko zan musa. Daga nan komai ya kwance mini, har abin da na haddace.

Da sakamako ya fito na faɗi, sai na kira Kawu daga tashar taram, ina kai da kawowa. Haushin kaina ya hana ni kuka. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ba shi labari.

"Ba ki san amsar ba ne?" in ji shi.

"Na sani, Kawu."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Dattijo ne."

Ina jin ƙarar jirgin ƙasa ta wayarsa.

"Bari, ɗiyata," ya ce. "Mu munka koya miki."