Shaidar Ƙaryar da Na Yi wa Abokin Aikina

Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ina aikin surfani a wani shago a Zongon Kwatano. Mu biyar ne, kowa da kekensa na ɗinki, muna yi wa shadda aikin wuya daga safe har la'asar, in kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba. Mai shagon dattijo ne, aminin mahaifina, shi ya ɗauko ni daga garinmu a Nijar tun ban fara aske gemu ba, shi kuma ya tsaya mini har na yi aure. Baba nake ce masa. Mutane sun san ni da shiru da tsoron rigima, suna kuma yabona a kan haka. Ina rubuto muku ne don ku san abin da wannan shirun ya jawo wa wani bawan Allah da bai taɓa yi mini laifi ba.

Wani direban kamiyo, wato babbar mota, mai ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa, Bahaushe kuma Kirista, shi ne ya kawo mini aikin riga, muka saba. Ranar da zai koma arewa ya tura mini karatun Linjila da Hausa a wayata, ya ce in saurara in na ga dama. Na fara ne don son sani kawai. Ina sa abin kunne ina taka keke, abokan aiki suna zaton waƙa nake ji. Shekara biyu ina saurare, ina gardama da kaina, har ranar da na ga ba ni da sauran gardama. Na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, aka yi mini baftisma a wata ƙaramar majami'a a unguwar Avotrou, kusa da bakin ruwa, inda 'yan tsirarun masu jin Hausa suke taruwa. Salamar da na samu gaskiya ce, ba zan musa ba. Amma tare da ita tsoro ya shigo, ya zauna daram.

Kowace Lahadi sai in hau zem, wato ɗan acaɓa, in ce zan kai aiki Godomey da ke yamma da gari, alhali gabas nake nufa, in haye gada. Ko matata ba ta sani ba. Fastonmu bai taɓa matsa mini ba, sai dai yakan ce in roƙi Allah ya ba ni baki a ranar da wani zai tambaye ni. Ni kuwa addu'ata ita ce kada ranar ta zo.

Kekena yana jingine da na wani mutum ɗan garin Djougou da ke arewa, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Malam muke ce masa saboda natsuwarsa. Ɗansa na fari ya rasu a shekarar da ta gabata, tun daga nan maganarsa ta ƙara raguwa. Wata rana na fita shan ruwa na bar wayata a kan keke, da na dawo na tarar da abin kunnen a hannunsa. Ya ajiye, ya koma kekensa. Daga ranar na fara jin idonsa a kaina. In na ɗaga kai, yana kallona. Ya tambaye ni sau biyu wane mai kaya ne wannan na Godomey da ba ya karɓar aiki sai Lahadi. Sannan wata Lahadi muna fitowa daga sujada na hango shi a tsallaken titi, tsaye kusa da mai sayar da man fetur a kwalba, ya zuba wa ƙofar majami'ar ido. Na koma ciki na fita ta baya. Mako biyu bayan haka na sake ganinsa a wuri ɗaya. Sau uku yana ce mini yana son mu yi magana mu biyu, sau uku ina ƙirƙiro uzuri. Na daina cin abinci sosai. Na gama yanke hukunci a raina cewa shaida yake tarawa don ya kai wa Baba.

Ina da ƙaramin littafin Linjila da nake ɓoyewa a ƙasan buhun zare. Wata Talata na duba, babu shi. Kwana huɗu ina ɓata aikin mutane, ina jiran abin da zai faɗo. Ranar Asabar da hantsi Baba yana neman almakashi, ya jawo aljihun keken Malam, sai ga littafin. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Baba bai ɗaga murya ba, ya tambaya kawai na wane ne. Malam ya juyo ya dube ni. Har yau ina ganin wannan kallon. Baba ya ga inda idonsa ya nufa, ya tambaye ni ko na san wani abu. Sai na ji bakina yana cewa na sha ganin Malam a bakin wata coci a Avotrou. Maganar gaskiya ce a bisa, amma ƙarya ce tsagwaronta, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni can.

Ba wanda ya taɓa lafiyarsa. Baba ya ce masa cikin ɓacin rai ya nemi wani wurin aiki, don masu kawo ɗinki za su ji, su daina zuwa. Malam ya cire kan kekensa daga tebur, ya ɗaure da igiya, ya tare zem ya tafi. Bai kare kansa ba, bai ambaci sunana ba. Kafin wata ya ƙare labari ya zaga Zongo, 'yan'uwan matarsa suka zo suka tafi da ita da yara biyu arewa. Ni kuwa na ci gaba da zuwa sujada, ina buɗe baki in yi waƙa, muryar ta ƙi fita.

Wata biyar bayan haka na je Godomey da gaske sayen zare, na gan shi a bakin kasuwa ƙarƙashin wata rumfa yana facin tsofaffin kaya. Ya rame. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na gaishe shi, ya amsa, ya nuna mini benci. Ya gaya mini cewa ranar da ya sa abin kunnen nan ya ji ana karanta labarin wata uwa da aka tayar mata da ɗanta daga mutuwa, abin ya tsaya masa a rai, saboda tun rasuwar yaronsa bai sami wanda zai yi wa irin tambayoyin da ke cin sa ba. Ya ce ya bi ni Avotrou ne yana fatan in gan shi in ce ya shigo, don shi kaɗai ba zai iya ba. Littafin kuma aro ya yi, da niyyar ya mayar. Na tambaye shi me ya hana shi tona ni. Ya ce ya ga tsoron da ke fuskata, ya tuna ina da ƙananan yara. Na fashe da kuka a gaban mutane, na ce yanzu zan gaya masa duk abin da yake son sani. Ya girgiza kai. Ya ce in yi haƙuri, ba daga bakina ba.

Washegari na gaya wa matata, sannan na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, littafin nawa ne, kuma ni mai bin Yesu ne. Ya ce barin addinina ya yi masa ciwo, amma abin da ba zai manta ba shi ne na sa shi ya zalunci mutum da hannunsa. Ya ce in ɗauki kekena. Shi da kansa ya je Godomey neman gafarar Malam, ya kuma aika wa surukansa da gaskiyar magana. Matar Malam ta dawo, amma Malam bai koma shagon ba. Matata ta yi wata uku a gidan yayanta kafin ta dawo, tana kan addininta, muna zaune lafiya. Yanzu ina aiki a wani ɗan shago a unguwar Jonquet, kuma duk wanda ya tambaye ni abin da na gaskata, ina gaya masa a hankali, ba gardama, ba zagin addinin kowa. Har yanzu nakan ji tsoro, amma ina faɗa.

Abin da na koya shi ne tsoro yana sa mutum ya ga maƙiyi a fuskar mai neman taimako. Na ɗauka shiruna ni kaɗai ya shafa, ashe wani ne zai ɗauki nauyinsa. 'Yan'uwana masu bi da ke ɓoye, ban ce ku hau kan rufi ku yi shela ba, na san abin da kuke gudu. Amma in wani ya ce yana son magana da ku, ku zauna ku saurare shi kafin ku yanke masa hukunci. Kuma ko wane irin tsoro ya kama ku, kada ku kuɓutar da kanku da sunan wani. Malam ya zo mini da tambaya sau uku, yau ni ne nake da amsa, shi kuma ba ya son ji daga gare ni.