Awa Biyun Ƙarshe a Kujerar Abdul-Mumuni

Ina tura kujeru a keken kaya zuwa ɗakin lacca, a jami'ar da nake aikin dako a Aldwych, cikin London, sai wayata ta yi ƙara. Safiyar Juma'a ce, sha ɗaya saura. Rashidatu ce, matar abokina Abdul-Mumuni. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Malam Maharazu, ɗan'uwanka ya tafi." Na ce ya tafi ina, don na ɗauka asibiti take nufi, Juma'a ranar injin wankin ƙodarsa ce. Kafin ta amsa na gane. Na saki keken na zauna a kan matakala ina ta salati, ɗalibai suna ratse ni suna cewa sorry. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana cikin ɗaura igiyar takalmi.

A zangon Kumasi aka haife shi, ni kuwa mutumin Katsina ne. Bas ya haɗa mu shekara goma sha shida da suka wuce. Shi ne direba, ni na shigo ina waya da ƙarfi da Hausa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ya raba shi da fasinja ya ce, "Ɗan Najeriya, rage murya, motana ne." Na ce masa mota mace ce, motata ake cewa. Ya ce a zango ba su da lokacin tantance mace da namiji. Ashe duk a unguwar Barking muke, layi uku tsakaninmu. Daga ranar ni Ɗan Najeriya ne, shi Ɗan Zango.

Shekara huɗu da suka wuce ƙodarsa ta daina aiki. Ya ajiye tuƙi, ya koma zaman kujera: Litinin, Laraba, Juma'a, awa huɗu kullum, allura biyu a hannu, inji yana wanke masa jini. Mutumin da ya saba zagaye London sau shida a rana, yanzu ko ruwa sai an auna masa. Ƙanƙara yake tsotsa idan ƙishi ya matsa. Wayarsa ba ta mutuwa, don sunansa yana cikin list na masu jiran dashen ƙoda, ba a san ranar da za a kira ba.

Abin da ya fi cin ransa mahaifiyarsa ce, Mma Awabu, wadda ta haura tamanin a Kumasi. Likita ya gaya masa gaskiya: idan ya je ya yi wankin ƙoda a can, za a ɗage sunansa na wasu watanni, ƙodar da ta zo a lokacin wani za a ba. Idan ya zauna kuma, tsohuwa ba za ta jira list ba. Shekara huɗu yana tsakanin waɗannan biyun, bai motsa ba.

Laraba ranar hutuna ce, ni nake raka shi. 'Yarsa Fausia ta zuba masa wani fim ɗin Koriya a tablet, na faɗa da ban dariya, kashi na ɗaya da na biyu. Kowanne kusan awa biyu, sai suka cika zaman injin daidai. Wasu 'yan'uwa biyu ne masu kai taliya a babur, aka ɗauke su 'yan daba bisa kuskure. A na ɗaya duk faɗan a lungun kasuwa ake yi, da tukwane da ludayi da murfin kwandon shara. A na biyu sun samu ɗaukaka, sun sa kwat, an kai su wani tsibiri, ga jirgi mai saukar ungulu, ga wuta ko'ina.

Ba zan iya ƙirga sau nawa muka kalle su ba, kuma kullum sai mun yi musu.

"Na biyu banza ne," in ji shi. "Sun ɗauke yaran daga unguwansu, sun sa musu kwat. Wa zai yi dariya da mutum mai kwat?"

"Ɗan Zango, ka manta inda ƙaramin ya maƙale a tagar jirgin ruwa, wandonsa ya tafi teku?"

"Wannan ma dariya ne? A Katsina haka kuke dariya?"

"Mu dai mun san mace da namiji."

"Shi ya sa ka kai hamsin kana tura kujera."

Har nas takan leƙo ta sa yatsa a baki.

Idan na biyu ya kusa ƙarewa, yakan tsayar da shi ya kira Mma ta bidiyo. Sai ya ja bargo ya rufe hannun da ke da allura, ya ce mata yana ofis. Kiran ba ya wuce minti uku. Muryarsa a shaƙe, amsarsa gajeru. Ran nan na ji ta ce, "Abdu, London ya canza ka, ba ka son magana da ni." Da ya kashe wayar, ya juya fuskarsa bango har aka cire shi daga injin.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, amma zama kusa da mutum yana koya maka abu. Na lura awa biyun farko lafiya yake, har ya tsokani maƙwabcin kujerarsa. Daga awa ta uku jijiyar ƙafarsa take fara ɗaurewa, kansa ya yi nauyi, tashin zuciya ya zo. Bai taɓa ganin na biyu ba sai a wannan halin. Larabar da ta wuce, tun kafin a sa masa allura, na karɓi tablet ɗin na ce yau da na biyu za mu fara. Ya ce wane mahaukaci ne yake fara fim daga tsakiya. Na ce ni.

Wallahi ya yi dariya har injin ya fara ƙara, don ya motsa hannu. Da wandon nan ya tafi teku, sai da hawaye suka zubo masa. Muka sa na ɗaya a awa ta uku. Tukwane suna tashi, ludayi yana sauka a kan mutane, shi ko murmushi bai yi ba. Ranar bai kira Mma ba.

Muka fito da la'asar, muka zauna a bencin jiran bas saboda jiri. Ya daɗe yana kallon motoci.

"Ɗan Najeriya, na ɗaya ya lalace yau."

"Na gani."

"Ashe ba fim ɗin ba ne. Duk abin da na sa a awa biyun nan, lalacewa yake." Ya shafa plasta ɗin hannunsa. "Kuma a nan na sa Mma. Shekara huɗu."

Ya juyo ya dube ni, ya ci gaba.

"Jibi zan gaya ma likita su ɗage sunana. Sati uku kawai nake so. In zauna a gabanshi da safe, jikina lafiya, ya taɓa fuskana."

Na ce, "In ƙodar ta zo kana can fa?"

"Sai su ba wani, shi ma ɗan wani ne."

Bas ɗinsa ya iso, ni kuwa da sauran inda zan biya. Na riƙe masa jaka har ya taka. Ya juyo yana riƙe da ƙarfen ƙofa.

"Asabar ka zo flat mu yi booking ɗin jirgi. Fausia Turanci zai cika ni da shi."

"Za ta cika ka, Ɗan Zango. Fausia mace ce."

"Kai dai ka zo da wuri."

"In sha Allahu, bayan azahar."