Kwanonin da na wanke wa Ɗan'azumi

Ɗan'azumi aminina ne tun muna kiwon awaki a bayan garin Matameye. Ranar Laraba ta makon jiya muka kai shi makwancinsa. Allah ya haskaka kabarinsa.

Mutum ne mai sanyin hannu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma bayan yaƙin Jamus, da wani likita Bafaranshe ya sauka a ɗakin magani na garinmu, shi aka ɗauka yana tafasa allura yana wanke gyambo. Tsofaffi ba sa yarda kowa ya taɓa musu ciwo sai shi. Yakan ce da ni, "Illa, kai kana ɗinkin fatar akuya, ni ina ɗinkin ta mutum. Wa ya fi wani?" Ni kuwa baduku ne.

Wata ranar kasuwa na biya wurinsa, na tarar za su fita da likita duba wata mai naƙuda a hanyar Dungu. Ya ce in jira shi. To, a wurinmu abin kunya ne ka zauna hannu sake a inda amininka ke aiki. Na duba cikin wani akwati, sai ga ƙananan kwanonin gilashi masu murfi, sun kai ashirin, duk sun yi funfuna. Na ce a raina aiki ya yi wa bawan Allah yawa. Na samo toka da soso na wanke su tas, na kife a rana.

Da ya dawo ya gan su, sai ya zauna a ƙasa.

"Ɗan'uwa, me ka yi?"

"Ƙazantarka na rage maka. Ba godiya?"

A hankali ya gaya mini. Mugunya ce ta gyambon mutane daban-daban likita ya shafa a kowane kwano, ya ɗiga funfuna a tsakiya. A wani kwanon ƙwayoyin cuta sukan ja da baya su bar mata fili, a wani kuma su zo har gindinta. Da haka yake son gane cutar da maganin da ake samu daga funfunar zai ci da wadda ba zai ci ba. Aikin mako uku na wanke.

Likita ya shigo yana faɗa, fuskarsa ta yi ja. Ina tsaye, hannuna duk toka, na ɓoye shi cikin riga. Ɗan'azumi ya ce, "Ni ne na wanke su, mushe," don haka ake kiran Faransawa. Ban buɗe baki ba.

Aka sallame shi. Ya koma noman hatsi, kuma gari ya ɗauka sakaci ne ya kore shi. Shekara goma sha ɗaya ana yi masa ba'a a kasuwa, wani lokaci ina zaune. Bai taɓa dubana ba in ana yi. Kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Ranar sadakar uku na sami matarsa Mariyama a zaure, na durƙusa na gaya mata komai. Na zaci ta sani. Ashe ko ita bai gaya wa ba.

Sai ta ce, "Har gori na yi masa a kan aikin nan, Illa. Kana nan kana cin tuwona."

Ta naɗe tabarmarta ta shiga cikin gida. Gobe bayan sallar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa gari.