Ranar da Aka Hutar da Kafaɗa

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin masu sayar da kayan ɗaki. Kafaɗa kowa ke ce masa, tun yana saurayi, lokacin da yake saɓa buhu biyu a tashi ɗaya don 'yan mata masu wucewa su gani. 'Yan matan sun zama kakanni, shi ma kansa ya yi fari fat, amma sunan ya zauna. Ɗan dako ne a wani shago da ake sayar da firji da injin wanki da gadaje. In an sayi kaya, shi da abokin aikinsa Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a layin, su za su ɗora a mota, su bi mai kayan har gida, in bene ne su haura da shi.

Tsakanin wannan aiki da wancan suna zaune a benci a ƙofar shagon, suna raba shayi kofi ɗaya, suna tsokanar juna. Gajere ya ce Kafaɗa ya girmi titin, Kafaɗa ya ce da hankali a tsawo yake da Gajere ya zama alƙali.

Ɗaki ɗaya Kafaɗa yake haya shi da matarsa. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure nesa. Matar kuwa ciwon yanar ido ya rufe mata idanu shekaru da dama, da lalube ta san inda komai yake. In ya dawo da yamma, sai ya zauna bakin katifa yana murza gwiwoyinsa da man zafi, yana ba ta labarin gidajen da ya shiga.

"Yau na ga gidan da kare ke da fankarsa shi kaɗai."

"Kai Malam, ka ji tsoron Allah."

"Wallahi. Har ya harare ni don na tare masa iska."

Sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wata rana aka sayi wani ƙaton firji, za a kai hawa na huɗu na wani bene. Matattakalar matsattsiya ce, mutum biyu ba za su iya jerawa ba, don haka Kafaɗa ya goya shi a baya da igiya, Gajere na tallafe da shi ta ƙasa. A tsakiyar hanya ya jingina da bango yana haki. A nan wata budurwa da ke zaune a benen ta same shi. Ɗaliba ce, tana da mabiya masu yawa a shafukan sada zumunta, kuma ta saba nema wa mabuƙata taimako. Ta ɗaga wayarta ta fara ɗaukarsa bidiyo.

"Sannu Baba. Shekarunka nawa?"

"'Yata, ai ko benen nan yaya yake ce min."

"Me ya sa har yanzu kake wannan aikin?"

"To in ban ɗauka ba wa zai ɗaukar min? Tsohuwata ba ta gani."

Cikin raha ya faɗa, ya ƙarasa da dariya, ya gyara igiyarsa ya ci gaba da hawa. Ya manta ma an yi.

Kafin mako ya zagayo, babu wayar da ba ta ɗauke da fuskarsa. Gajere ne ya nuna masa. An yanke dariyar, an sa wani kiɗa mai sa tausayi, an bar tsoho yana haki a ƙarƙashin firji yana cewa matarsa ba ta gani. Kafaɗa ya kalla ya sake kalla.

"Haka nake?" ya ce. "Kamar wanda zai mutu gobe?"

A ƙarshen bidiyon an hasko motar shagon, da sunan shagon ɓaro-ɓaro a jikinta. Mutane suka yi wa mai shagon ca, suna kiransa azzalumi mai bautar da tsofaffi. Wasu suka riƙa bugo waya don su zage shi kawai. Mai shagon, wanda ya gaji Kafaɗa daga mahaifinsa, bai taɓa ɗaga masa murya ba. Ya kira shi cikin ofis ya rufe ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ciniki ya tsaya. Har matata ake zagi. Ka je ka huta, ai ga shi duniya ta ce za ta riƙe ka."

"Maigida, ni ban ce na gaji ba."

"Na sani. Amma ba zan iya ba."

Taimako kuwa ya zo, ba ƙarya. Budurwar ba ta ci ko kwabo ba, ita da ƙawayenta suka yi ta zirga-zirga. Aka yi wa ɗakin fenti, aka kawo gado da wata lafceciyar kujera da ta cinye rabin wurin. Sau uku aka maimaita miƙa masa kayan a gaban waya, don a na farko bai ɗaga kai ba, a na biyu kuma ya yi barkwanci.

"Baba, ɗan ɗaga hannu sama ka yi godiya. Waɗanda suka bayar suna so su gani."

Ya ɗaga. Bai ga laifinsu ba, sai dai ya ji wuyansa ya yi nauyi irin wanda kaya bai taɓa sa masa ba.

Babban abin shi ne aikin idon matarsa. Ranar da aka cire mata bandeji, ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta tsaya a kan fuskarsa.

"Malam, ashe haka ka tsufa?"

Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ita ma haka. Duk abin da ya biyo baya, bai taɓa yin da-na-sanin wannan ranar ba.

Daga nan baƙi suka fara sallama. Dangin da rabonsa da su tun rasuwar mahaifiyarsa suka gano hanyar gidan, kowa da matsalarsa, shi kuma bai iya cewa babu ba alhali duk duniya ta ga an ba shi. Mai gidan haya ya ƙara kuɗin ɗaki, ya ce ai yanzu ɗakin ya yi kyau. Maƙwabtan da a da suke miƙo wa matar abinci in ya makara suka janye hannu. Abin da aka tara ya riƙa zagwanyewa kamar gishiri a ruwa.

Shi kuwa yana kan kujera. Da asuba jikinsa zai tashe shi kamar kullum, ya yi wanka, ya sa riga, sannan ya tuna babu inda za shi. Gwiwoyin da suke masa ciwo saboda aiki suka koma yi masa ciwo saboda zama. Da yamma matar za ta ce, "Yau ba labari?" Sai ya ce, "Labarin me? Bangon nan ke ma kina ganinsa yanzu."

Ya gwada komawa bencin shagon don hira kawai. Bai daɗe da zama ba wasu samari suka tsaya, "Kai, ga Baban firji!" Suka dafa shi suka ɗauki hoto. Mai shagon ya leƙo, ya roƙe shi don Allah ya daina zuwa. Ya bi sauran shagunan layin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karɓe shi da girmamawa, a ba shi ruwa, a raka shi ƙofa. Babu mai son sunan shagonsa ya shiga waya.

Da abin hannunsu ya ƙare, sai ya fara fita da sassafe zuwa wata kasuwar buhuna a can ƙarshen gari, inda babu mai lokacin kallon fuskar ɗan dako. Ya ja hula har gira, ya shiga layin masu sauke kaya daga manyan motoci. Amma jikin da ya shafe watanni a kujera ba shi ne na da ba, kuma babu Gajere da zai tallafa ta ƙasa. Wata safiya yana saukowa daga kan katako da buhu a wuya, ya ji wani abu ya tsinke a ƙugunsa. A kwance aka kawo shi gida.

Matar ta sa aka kira budurwar. Ta zo da gaggawa, ta sake ɗaukarsa a waya, ta sake roƙon jama'a. A wannan karon shiru. Hankalin mutane ya koma kan wata jaririya da aka tsinta a tasha. 'Yan kaɗan da suka tanka, wani ya ce ina wanda aka ba shi a baya, wani ya ce tsohon nan ya mai da bara sana'a, wata ta ce kwaɗayi ne ya mai da shi dako bayan an hutar da shi. Budurwar ba ta karanta masa ba, amma ya gani a fuskarta. Ta zauna a bakin gadon ta fashe da kuka.

"Baba, ni alheri na nufa."

"Na sani, 'yata. Share hawayenki. Dubi tsohuwata, da kanta take zura zare a allura."

Ta sayo masa magani da kuɗin aljihunta, ta sake zuwa sau da dama, sannan jarrabawa ta taso, daga baya sai gaisuwa ta waya.

Ba su iya riƙe ɗakin ba. Babbar 'yarsu ta roƙi mijinta, ya ba su wani ɗan ɗaki a bayan gidansa inda yake ajiye tarkace. Can suke yanzu. Matar tana karɓar ɗinkin hannu daga maƙwabta, maɓalli da bakin zane da yagaggen aljihu, tana zama a bakin ƙofa inda haske yake. Kafaɗa yana iya tashi zaune in an kama shi, amma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba. Jikokinsa sun san shi a matsayin kakan da ba ya son hayaniya. Surukin mutumin kirki ne, kullum kafin ya fita sai ya leƙo.

"Baba, akwai abin da kake so in taho maka da shi?"

"Babu, ɗana. Allah ya yi albarka. Ja min ƙofar kawai."