Laimar da Ta Tuɓe Ni a Gaban Surukina

Ni mai igiyar gaba ne. Wanda ya yi zaman kara, wato kasuwar shanu, a Fatakwal ya san nufina: in za a kai bajimin sa mayanka, igiya biyu ake ɗaura masa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, kuma mai riƙe da ta ƙahon shi bajimin yake nema ya soke. Abu ɗaya aka koya mana tun muna samari, ba a sakin igiya. Ka naɗe ta a ƙugu, ka kafa dugadugai, ka kwanta baya, ko da zai ja ka har bakin teku. Wanda ya saki, ranar ba ya iya sa hannu a akushi tare da mutane. Ni ban taɓa saki ba, kuma duk karar babu wanda ban gaya wa haka ba.

Da rikici ya ɓarke muka gudu Arewa da kayan jikinmu, ni da matata da iyayenta. Mahaifinta tsohon ɗan kasuwa ne, albasa yake saukewa a Kasuwar Creek Road tun ban san hannun damana ba. Gidansa na Kano muka sauka, don ni ko ɗaki ba ni da shi a can. Zaman gidan suruki kuwa, Allah ya raba ka da shi. Tari ma sai ka fita waje ka yi. Saboda haka da yaƙin basasa ya tashi, na ji sojojin gwamnati sun kama Fatakwal, ana neman waɗanda suka san hannun shanu don ciyar da su, ban yi shawara da kowa ba. Na gangara Ikko, na bi jirgin ruwan da ke ɗaukar shanun, na bar matata da tsohon ciki.

Ta haifi namiji, a bakin fatake na ji. Na samu ɗaki a unguwarmu ta dā, na toshe ramukan harsashi, na shafe bango, na sayi tabarma sabuwa. Ba abin da nake so a duniya irin a kawo mini matata da yaron da ban taɓa gani ba. Tsohon ya aiko cewa 'yarsa ba za ta taka garin yaƙi ba sai ya zo ya gani da idonsa.

Ya kuwa zo, a jirgin shanu kamar kowa, ya sauka a zauren wani dattijo kusa da masallaci. To, ka san yadda muke da suruki. Ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa. Shi kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce zo ka ɗauki matarka ba, ai ba kaya ba ce da zai yi talla. Ni zan je in tsuguna in roƙa, shi ya amsa. Na shirya yin haka bayan la'asar. Da safe sai ya ce yana so ya ga inda nake aiki.

Shanunmu suna kiwo ne a wani fili gefen filin jirgin sama. A lokacin akwai sojojin da aka yi wa ƙawanya a wani gari can ciki, ba hanyar kai musu abinci sai ta sama. Buhuna ake ɗaura wa laima, wani makeken farin ƙyalle mai igiyoyi da yawa, a jefo daga jirgi ya sauko a hankali. Ranar gwaji suke yi. Hadari ya haɗo daga wajen teku, iska ta fara kaɗawa, suka dai jefo. Mun tsaya da tsohon, ni a bayansa kaɗan, har da mata masu sayar wa sojoji busasshen kifi duk an ɗaga kai ana kallo.

Laimar ta sauko da buhun gari, amma ba inda suka so ba. Buhun ya daki ƙasa, ita kuwa maimakon ta kwanta sai iska ta cika mata ciki, ta miƙe a gefe kamar bukkar da ta tashi tafiya, tana jan buhun kai tsaye wajen shanunmu. Shanu suka ɗaga wutsiya. Sojoji suna nesa, suna ta gudu suna ihu.

Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, yau tsohon nan zai ga wanda ya ba 'yarsa. Na sheƙa da gudu na tari buhun, na tattara igiyoyin nan gaba ɗaya a hannu, na naɗe su a ƙugu, na kafa dugadugai, na kwanta baya. Na ma tsayar da ita, na ɗan lokaci. Sai buhun ya yage a kan wani kututture, gari ya zube, nauyi ya tafi, ya rage daga ni sai iska.

Kai! Ban taɓa jin ja irin wannan ba. Sa yana gajiya, yana tsayawa ya yi huci, kana ganin idonsa ka san inda zai nufa. Wannan ba ido ba ƙaho. Ta fizge ni na faɗi rubda ciki, ta fara jana cikin laka da kashin shanu. Wani saje, Bahaushen bariki, yana bina a guje yana cewa, "Aboki, saki! Ja ɗaya kawai, ta ƙasa! Saki sauran!" Na ji shi sarai. Amma a ce in saki igiya, a gaban surukina? Ina! Sai ma na ƙara damƙewa, ashe duk damƙar da nake yi ƙara buɗe mata baki nake, tana ƙara shan iska.

Sai na ji tazugen wandona ya tsinke. Igiyoyin da na naɗe a ƙugu su suka ci shi. Hannuwana biyu suna kan igiya, ƙasa kuma tana jan wandon baya, ina ji yana sauka, gwiwa, idon sawu, ya tafi. 'Yar shimin da ke jikina ta tattare ta koma wuya. Matan kifin nan suka sa ihu, sannan suka fashe da dariya.

Sajen ya sha gaban laimar, ya kama igiya ɗaya tak ta gefen ƙasa, ya yi ta jawo ta hannu bayan hannu. Gefen ya lanƙwashe, iskar ta zube, abin da ya gagare ni ya kwanta a ƙasa kamar zanen shanya. Ya taka shi da takalmi yana haki, ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ana kokawa da iska?"

Ina kwance tsirara haihuwar uwata, na kife fuska a laka, ina roƙon ƙasa ta tsage. Sai na ji an lulluɓa mini wani abu mai ƙamshin turare. Babbar rigar tsohon ce. Ya tuɓe ta a gaban sojoji da matan nan, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki, ya kau da kai gefe. Ya ce, "Sannu, yaro. Allah ya kiyaye gaba." Ya juya ya tafi.

La'asar ta yi ban je ba. Washegari ma ban je ba. Na tare a kara, ina kwana kan buhunan dusa. Abokina mai riƙe mini igiyar baya shi na ba rigar ya mayar bayan na wanke. Ya dawo ya ce, "Tsohon nan fa yana zaure, ko kasuwa ya ƙi zuwa. Duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago kai."

Na ce, "Ka ce ba ni da lafiya."

"Haba, kai kuwa. Ƙujewa ce kawai. Tashi mu je, ni zan yi maganar, kai dai ka tsuguna."

Na zage shi tas, na ce ya fita harkata. Kullum sai in yi wanka in sa riga, in kama hanya, da na hango ƙofar zauren sai in tuna abin da idon mutumin nan ya gani, in juya in koma. Haka na yi ta yi har jirgin da ya kawo shi ya gama lodi ya juya Ikko da shi.

Abokin nawa ne ya raka shi bakin ruwa. Ya dawo ya same ni, ya ƙi zama. Ya ce, "Ya ce in gaya maka ya ga gari, ya ga ɗaki, ya ga sana'a, duk sun yi masa. Ya zo ne da niyyar amsawa, amma ba wanda ya tambaye shi."

Bayan nan hanya ta ƙara tsanani, aka daina ɗaukar farar hula a jirgin. Sai da yaƙi ya ƙare na samu zuwa Kano. Na tsuguna a zaure kaina a ƙasa, tsohon ya amsa gaisuwa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Matata ce ta gaya mini daga baya, ba tare da ta kalle ni ba, cewa tun ranar da mahaifinta ya kama hanyar Fatakwal ta ɗaure kayanta, ba ta kwance ba sai da damina ta wuce.

Muna cikin gaisuwar ne wani yaro ya fito daga cikin gida da ƙafarsa, yana tafe yana tangaɗi. Tsohon ya ce, "Je ka wurin babanka." Na miƙa hannuwa biyu. Yaron ya dube ni, ya juya ya rungume gwiwar kakansa, ya ce, "Baba."