Kyanwar da Barau Ya Bari

Azumi mai waina gida ɗaya muka zauna da ita a nan Agege, can bayan layin dogo. Irin gidan hayan nan ne mai dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa, rijiya ɗaya, bayi ɗaya, kowa na jin tarin kowa. Mai gidan wata dattijuwar Bayarabiya ce, Iya Sikira, ita ke ɗakin gaba.

Azumi haihuwar nan ce. Fataucin goro ya kawo kakanta, ita kuwa ko Ilori ba ta taɓa wucewa ba. In ta juya harshe zuwa Yarabanci sai ka rantse 'yar Abekuta ce. Iyaye sun rasu, ba wa ba ƙane, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Mijinta Barau direban tanka ne, mutumin wani ƙauye can wajen Illela, yana ɗaukar mai a Apapa ya kai Arewa. A nan Agege ya gan ta, a nan aka ɗaura aure, danginsa labarinta kawai suke ji. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba. A gaban mutane Malam ne, in tana son tsokana kuwa Oga.

Wata rana ya dawo daga tafiya, ya sa hannu a aljihun riga ya zaro wata 'yar mitsitsiyar aba, duk baƙin mai.

Ya ce, "Ga tsarabarki."

Ta ce, "Matan direbobi ana kawo musu atamfa, ni ɓera aka kawo min?"

"Ki iya bakinki. Wannan ta fi yaron motata hankali, ba ta shan taba, ba ta barci a kan aiki."

"To Oga, a ba ta sitiyari mana."

A ƙarƙashin tayarsa ya tsince ta a Mokwa, shi ya sa sunan ya bi ta. Da aka wanke ta sai ga kyanwa fara sol, da baƙi a kunne ɗaya. Bayan ta yi ƙwari ya kawo mata wani zagaye na jar fata ya ɗaura mata a wuya.

Wadda ta ce ɓera, ita ce ta zo ta fi shi son kyanwar. In ta sauke tanda da hantsi, Mokwa na jiran ta huce ta haye ta naɗe a kai. Ta saci kifin Iya Sikira, Azumi ta je ta durƙusa ban haƙuri kamar 'yarta ce ta yi. Haihuwarta ta fari a cikin kwallar kayan Azumi ta yi, a kan zanen aurenta, Azumi na faɗa tana dariya tana kiran mu mu zo barka. Ranar da ta ci maganin ɓeran da wani ɗan haya ya zuba, Azumi ko waina ba ta toya ba, ta matse ta a cinya tana ɗura mata manja da cokali, tana cewa, "Haɗiye, 'yar nema, ba yau ba." Ta kuwa tashi.

Abu ɗaya kyanwar nan take yi da kowa ya sani. Tun Barau bai shigo lungu ba, tun yana can bakin titi yana sauka daga okada, za ta miƙe ta je bakin ƙofa ta zauna. Azumi na ganin haka sai ta ɗora ruwan wanka. Kyanwar ba ta taɓa yin ƙarya ba.

To bayan soja sun sauka, shekara ta zagayo da ɗan abu, sai faɗan ƙabilancin nan ya tashi a wajen Apapa da Ajegunle. Ku ba ku san shi ba, Allah kada ya nuna muku. Barau ya fita da safe ya ce lodi zai yi, bai dawo ba. Aka duba asibitoci, aka duba bariki inda mutane suka fake, aka aika tambaya, shiru. Direbobin da aka san shi da su duk sun watse sun yi Arewa.

Ana cikin haka wasu maza biyu suka yi sallama da la'asar, suka ce daga Apapa suke. Azumi ta shimfiɗa musu tabarma a lungu, ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ina gida, ina iyali, ina gajiya. Ta ɗauko kwanon abinci ta ajiye musu ta ce, "Ku ci, na Malam ne, in ya iso na sake wani." Ba ta rufe baki ba Mokwa ta miƙe ta tafi bakin ƙofa ta zauna. Fuskar Azumi ta washe. Ta ce, "Kun gani ko? Yana hanya." Mutanen suka sunkuyar da kai. Ba su taɓa abincin ba, suka ce za su dawo, suka sa takalma suka tafi.

Liman ya gaya mata matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira. Ta ce ko goma ne tana nan. A ɗakin nan ya bar ta, nan kaɗai ya sani, in ta tashi ina zai neme ta?

Daga nan ne abin ya soma. Kullum la'asar sakaliya kyanwar nan za ta je bakin ƙofa, ta kafa kunne, ta zuba wa lungu ido. Can sai ka ga kanta yana juyawa a hankali, tana bin wani abu da kallo, tun daga ƙofar gida, ya wuce ɗakin Iya Sikira, ya wuce rijiya, har ya shiga ɗakin Azumi. Sai ta bi shi ciki tana gurnanin daɗi, ta gantsare baya tana goga jiki, alhali ba ƙafar kowa a wurin. Na gani da idona, kuma har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Azumi kuwa murna take. Ta ce dabba ba ta jiran matacce.

Abincinsa bai taɓa fashi ba. Ta zuba a kwano ta rufe da faifai, in gari ya waye ta juye wa Mokwa da 'ya'yanta. Kyanwoyin unguwa suka ji labari. Kafin ka ankara sun cika gidan, wasu a kan katanga, wasu a murfin rijiya, duk inda ka juya ido ne ke kallonka. Mu dai Hausawa mun san kyanwa mai tsarki ce, ko ta sa baki a ruwa ana alwala da shi. Maƙwabtanmu kuwa da yawa ba haka suke ganinta ba, mayu suke tunawa. Aka fara ƙunƙuni, yara suka daina bi ta ƙofar Azumi.

Sai ranar Lahadin nan da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja. Tun safe ba a ga kyanwa ko ɗaya a gidan ba, Azumi na ta yawo da kwano tana kira. Da yamma ƙasa ta ɗauki rawa, kwanon rufi na kaɗawa, mutane na gudu ba su san inda za su ba. Da abin ya lafa, washegari, sai ga su jere a kan katanga suna lasar hannu. Jikar Iya Sikira tun daga ranar ta daina magana, in ta ga kyanwa sai ta sandare.

Iya Sikira ta zo har ɗaki ta zauna a bakin gado. Da Yarabanci suka yi maganar, amma abin da ta ce ke nan:

"Azumi, 'yata, a gabana kika girma. Wa ya gaya wa kyanwoyin nan su gudu tun safe?"

"Iya, dabba ce, tana jin abin da ba ma ji."

"Shi ne abin da nake tsoro. Ban ce ke wata aba ce ba. Amma yarinyar nan ba ta cin abinci. Ko su, ko ɗakin, ki zaɓa."

Azumi ta zaɓi ɗaki. Ta bi masu shaguna a kasuwa tana rabawa, kowa na son mai kama ɓera. Ta daina fitar da kwano, kyanwoyin unguwa suka janye. Saura Mokwa. Ta kai ta Dopemu, ta dawo. Ta kai ta unguwar Mangwaro, kafin ta iso gida ta tarar da ita a bakin ƙofa. Tsofaffi suka ce sai an sa ta a buhu an ƙetare ruwa da ita, sannan hanya za ta ɓace mata. Azumi ta ce to Apapa za ta kai ta, ko ba komai ta zauna cikin mutanen Malam. Ita da ba ta taɓa taka wurin ba, don a ganinta mace ba ta shiga garejin maza.

Ta hau motar haya, danfo, zuwa Oshodi, ta sake wata. Buhun na kan cinyarta, kyanwar ko ƙara ba ta yi ba, sai Azumi ta riƙa ɗora hannu tana jin numfashinta. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Mama, me ke motsi a buhun nan?"

"Kaza ce."

"Kazarki na da wutsiya, Mama."

Ta ƙara rungume buhun.

A Apapa ta ga tankoki da tireloli jere har iyakar gani, maza na kwance a ƙarƙashinsu a inuwa. Ta rasa wanda za ta tunkara, sai ta nufi teburin wani mai shayi, dogo, mai rawani, mutumin Nijar, Harouna sunansa. Ta gaishe shi ta ce ko yana son kyanwa, ba ta sata, ba ta ɓarna. Ya ce ta buɗe ya gani. Tana kwance bakin buhun Mokwa ta zuro kai. Harouna ya ajiye butar da ke hannunsa.

Ya ce, "Wagga fata ta wuyanta ni na ɗumke ta. Ina kika samo ta?"

"Ta gidanmu ce."

"Gidan Mai Mage? Haka muke kiranai nan, kullum yana bin mu yana tara mata kan kifi. Ke ce iyalinai?"

Ta sunkuyar da kai.

"Allahu akbar. Ya ƙarin haƙuri? Allah shi jiƙanai, mutumin kirki."

Azumi ta ce da ta ji haka ƙarar motocin nan duk ta ɗauke mata. Ta ce, "Malam, wa kake wa addu'a?"

Harouna ya jawo benci ya ce ta zauna, ta ƙi. A tsaye ta ji. Ranar da faɗan ya yi tsanani Barau ya riga ya tsira, sai ya koma don ya janye tankarsa daga kusa da rumfunan mutane, kada a cinna mata wuta. Washegari suka same shi a gefen motar.

"Mu munka wanke shi, munka yi mai sutura. Anka sa su a kamyo, babbar mota, shi da wasu, anka kai maƙabartar Hausawa ta Agege. Munka aiki mutum biyu wurinki."

"Sun zo."

"Sun dawo sun ce bakinsu ya yi nauyi, sun iske kin aje mai abinci. Anka ce a nemi dattijuwa ta je ta hwaɗa miki, magana ce ta mata. Kahin nan kowa ya kama hanyar gida. Ƙauyensu an kai saƙo, sun yi sadaka tuni. Wallahi baiwar Allah, kowa ya ɗauka wani ya gaya miki."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta tura kan Mokwa ciki, ta ɗaure buhu. Harouna ya ce, "Magen fa?" Ta ce ta fasa.

Muna zaune a lungu ta shigo, buhu na motsi a hannunta. Iya Sikira ta miƙe.

"Kin dawo da ita."

"Na dawo da ita, Iya. Ki ba wani ɗakin. Don ya same ni nake riƙe da shi, ashe yana nan kwance a maƙabartar bayan kasuwa tun bara waccan, kullum ina wuce shi in zan sayo shinkafa."

Iya Sikira ta tuge ɗankwali ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa ta zauna, ita da kyanwar duka, Allah ya fi su. Azumi ta ce a'a, a bar yarinya ta samu lafiya.

Abin da ya fi cin ranta maganar liman ce. Ta aika a tambaye shi yadda za ta shiga takaba, ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafi, tata ta wuce tun tana dafa masa abinci. Ta ce, "To me zan yi masa?" Ya ce addu'a. Mu dai matan gidan muka shimfiɗa tabarmi muka yi zaman makoki, Hausawa da Yarabawa, aka toya waina aka raba sadaka.

Ta samu wani ɗan ɗakin kwano a hanyar maƙabartar, ta koma ita da Mokwa, ta kafa tanda a jikin katangar. Mace ba ta shiga ciki, ko ta shiga ma ba suna ba alama, tudun ƙasa ne kawai jere. Ta roƙi mai gadin wurin ko zai tuna inda aka sa waɗanda aka kawo daga Apapa. Ya nuna wajen gabas da hannu, ya sake nuna wajen bishiyar mangwaro, ya ce gaskiya sun yi yawa a lokacin.

Sai ta samo bulo ta ajiye a gindin katanga. Kowace safiya kafin ta hura wuta za ta taka shi, ta leƙa, ta yi sallama. Wata rana na je sayen waina na ce, "Azumi, wai ta wane gefe kike kallo?"

Ta sauko tana karkaɗe hannu ta ce, "Duka nake gaisarwa, Yaya. A cikinsu ai akwai waɗanda har yau ba a gaya wa nasu ba."